Yadda Ake Shirya Zango Ɗaya na Koyon Faransanci a Ƙasar Waje, Daga Arewacin Kamaru ko Chadi

Duk wanda ya tashi a Garwa, Marwa, Ngaundere, Kuseri ko Njamena ya san cewa Faransanci ba baƙo ba ne a kunnensa, domin da shi ake rubuta takardar haihuwa, da shi ake karanta labarai a rediyon gwamnati, da shi kuma jandarma yake tambayar katin shaida a kan hanya. Amma jin harshe daban, mallakarsa daban. Da yawa daga cikinmu Hausa muke yi a gida, Fulatanci ko Larabcin Chadi a kasuwa, Larabcin littafi a gaban malam, sai Faransanci ya zama rigar da ake sakawa a ƙofar aji ko ofis, a tuɓe ta da zarar an fito. Ranar da aka ce mutum ya rubuta takardar neman aiki, ko ya tsaya gaban malamai ya kāre binciken kammala digirinsa, ranar ce yake gane cewa abin da ke bakinsa bai kai abin da ake nema ba.

Na rubuta wannan bayani ne musamman domin wanda ya yi karatunsa da Larabci, a Jami'ar Sarki Faisal ta Njamena ko a Sudan, Masar da Saudiyya, ya dawo ya tarar ofisoshi suna neman Faransanci. Da wanda iyayensa suka tura shi boko a Yola, Maiduguri ko Kano ya dawo da Ingilishi. Da kuma wanda ya ci bakaloriya da Faransanci amma ya san a ransa cewa rubutunsa yana ɗingishi. Ni kaina na yi irin wannan zango a wata cibiyar jami'a da ke gabashin Faransa, kuma abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne cewa watanni huɗu ko biyar suna iya sauya harshen mutum gaba ɗaya, amma sai ga wanda ya tafi da manufa takamaimai, ya kuma yarda ya zauna cikin masu harshen dare da rana.

Matakin farko: ka san inda kake da inda za ka

Kafin ka tambayi kuɗin jirgi, ka auna Faransancinka da ma'aunin da duk cibiyoyi suke aiki da shi, wato CECRL, wanda ya raba iya harshe gida shida: A1, A2, B1, B2, C1 da C2. Mai A2 yana iya cinikin kasuwa da tambayar hanya, mai B1 yana iya ba da labari da bayyana ra'ayinsa a taƙaice, mai B2 kuwa yana iya bin lacca, ya yi muhawara, ya rubuta hujja a tsare, kuma wannan matakin ne yawancin jami'o'in Faransa suke nema daga wanda bai yi sakandare da Faransanci ba. Ana iya yin gwajin TCF ko jarrabawar DELF tun daga gida, a cibiyoyin Institut français na Yawunde, Duwala da Njamena, kuma mazaunin arewa ya fara tuntuɓar cibiyar koyar da Faransanci ta Alliance da ke Garwa domin ya ji ranakun zama. Bambancin biyun yana da muhimmanci: sakamakon TCF shekara 2 yake aiki, takardar DELF da ta DALF, yayarta ta matakan C1 da C2, kuwa ba sa ƙarewa.

Shawarata ita ce kada wanda bai kai ƙarshen A2 ba ya kashe dukiyar gidansu a kan wannan tafiya. Haruffa, lambobi da gaisuwa ana koyonsu a Garwa ko Njamena da kuɗi kaɗan, kuma ɓarna ce a je Turai a biya Yuro domin koyon abin da malamin unguwa zai koyar. Zango ɗaya na aiki tuƙuru yakan ɗaga mutum mataki ɗaya, wani lokaci da ɗan ƙari, saboda haka wanda ya tafi da B1 mai ƙarfi shi ne yake da kyakkyawan fatan dawowa da B2. Ka rubuta manufarka a jimla ɗaya, misali cewa kana son takardar DELF B2 domin shiga digiri na biyu, ko domin zama jarrabawar shiga aikin gwamnati. Wannan jimla za ta yi maka amfani fiye da yadda kake zato, kamar yadda za mu gani a wajen neman biza.

Mataki na biyu: zaɓen ƙasa da cibiya

A Faransa akwai tambarin da gwamnati ta kafa a shekarar 2007 mai suna Qualité FLE, wanda ake bai wa cibiyoyin koyar da Faransanci ga baƙi bayan an binciki malamansu, ajujuwansu da yadda suke karɓar ɗalibai. Ka fara bincikenka daga jerin cibiyoyin da suke da wannan tambari, ka bar duk wata makarantar da ba ka san ta ba sai a tallar Facebook. Daga cikin waɗanda suka daɗe suna wannan aiki akwai CLA ta Besançon da aka kafa a 1958, da CAVILAM ta Vichy da ta fara a 1964, da CUEF ta Grenoble, da CIDEF ta Angers, da Institut de Touraine a garin Tours. Cibiyoyin da ke cikin jami'o'i suna ba da takardar da ake kira DUEF a ƙarshen zango, kuma zangon farko yakan fara a Satumba ya ƙare a Disamba ko Janairu, na biyu kuma ya fara a Janairu ko Fabrairu ya ƙare a Mayu ko Yuni.

Idan aka bi tawa, matsakaicin gari ya fi Paris alheri ga ɗalibi irin namu. Hayar ɗaki ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, ana iya zuwa aji da ƙafa ko da bas ɗaya, mutane sun fi samun lokacin tsayawa su yi hira, kuma ba za ka tarar da 'yan garinku da yawa da za su janye ka zuwa Hausa da Fulatanci kullum ba. Lokacin da kake rubuta wa cibiya, ka tambayi abubuwa huɗu a fili: sa'o'i nawa ake yi a aji kowane mako, ɗalibai nawa ne a aji ɗaya, ko ana zama jarrabawar DELF a cibiyar, da kuma nawa za su mayar maka daga kuɗin da ka biya idan aka hana ka biza. Tambaya ta ƙarshe ka nemi amsarta a rubuce. Ka kuma zaɓi kwas na sa'o'i 20 ko kusa da haka a mako, domin shi ne irin wanda cibiyoyi suke shirya wa masu neman bizar ɗalibi.

Wanda aljihunsa bai kai Turai ba kada ya ɗauka ƙofa ta rufe. A Lome akwai cibiyar Village du Bénin ta jami'ar garin, wadda ta shafe shekaru tana karɓar ɗaliban Gana da Najeriya, a Kwatano akwai CEBELAE, a Dakar kuma Jami'ar Cheikh Anta Diop tana da sashen koyar da Faransanci ga ɗalibai baƙi. Amfanin waɗannan garuruwa ga ɗan Garwa shi ne sun raba shi da harsunan da yake fakewa a bayansu, muddin bai tare a zangon Hausawa ba. A tuna kawai cewa sefar Afirka ta Yamma darajarta ɗaya da tamu amma takardun kuɗin daban ne, sai an yi canji.

Mataki na uku: lissafin kuɗi a gaban iyali

Abu ɗaya da ya sauƙaƙa mana lissafi shi ne darajar sefa a kan Yuro ba ta motsi: Yuro 1 daidai yake da sefa 655.957. Shekaru da dama mafi ƙarancin abin da hukumomin Faransa suka riƙa neman ɗalibi ya nuna yana da shi shi ne Yuro 615 a kowane wata, wato kimanin sefa 403,400, wanda a watanni 5 ya ɗan haura sefa miliyan 2. Ka duba adadin da yake aiki a shafin France-Visas, wato shafin neman biza na gwamnatin Faransa, a ranar da kake haɗa takardunka, kuma ka ɗauke shi a matsayin ƙasan tukunya, domin a garuruwa da yawa hayar ɗaki kaɗai tana cinye fiye da rabinsa. A kan wannan sai ka ɗora kuɗin makaranta, wanda ko a jami'o'in gwamnati yakan haura Yuro 1,000 a zango, da tikitin jirgi na zuwa da dawowa, da kuɗin dosiye na Campus France, wato hukumar Faransa mai kula da ɗalibai baƙi, da kuɗin biza, da inshora, da kuɗin ajiya na ɗaki, da tufafin sanyi, da kuma tafiye-tafiyen cikin gida zuwa Yawunde ko Duwala, waɗanda mutanen arewa suke yawan mantawa da su a lissafi.

Hanyar da ɗaliban Kamaru suka fi bi wajen nuna kuɗi ita ce takardar AVI, inda ake ajiye kuɗin watannin gaba ɗaya a banki ko wani kamfanin da aka amince da shi, a kulle su, a riƙa tura wa ɗalibi kason kowane wata bayan ya isa. Wata hanyar ita ce a samu mai ɗaukar nauyi, uba, kawu ko yaya, wanda zai rubuta takardar alkawari ya haɗa da bayanan asusunsa da shaidar sana'arsa. A nan ne 'yan kasuwarmu suke samun cikas, domin Alhaji yana iya mallakar shanu da shaguna amma kuɗinsa ba sa bi ta banki, ofishin biza kuwa takarda yake karantawa. Idan mai ɗaukar nauyinka irin wannan ne, ku fara shigar da kuɗin ciniki a asusu watanni da dama kafin neman biza, a kuma tanadi rajistar kasuwancinsa da takardun biyan haraji. Kuɗi masu yawa da suka faɗo cikin asusu dare ɗaya suna jawo zargi.

Ina roƙon duk ɗalibi ya zauna da mahaifinsa da duk wanda zai sa hannu a aljihu, ya shimfiɗa lissafin nan a takarda ba tare da rage ko sisi ba. Kada ka ce za ka cike giɓin da aiki a can. Gaskiya ne bizar ɗalibi mai suna VLS-TS tana ba da izinin aiki har sa'o'i 964 a shekara, amma wanda ya je watanni huɗu da sa'o'i 20 na aji da aikin gida a kowane dare ba shi da lokacin neman aiki, kuma idan ya samu, karatun da ya kai shi ne zai biya diyya.

Mataki na huɗu: takardu, Campus France da biza

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake son zangon Satumba ya fara motsi tun Janairu ko Fabrairu, mai son zangon Janairu kuma ya fara tun tsakiyar damina. Fasfo ne farko, kuma dole ya kasance yana da aƙalla shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba, wa'adinsa kuma ya wuce ranar ƙarewar biza da watanni 3. Sai ka duba sunanka harafi bayan harafi a takardar haihuwa, fasfo da takardun makaranta, domin mu ne muka fi kowa fama da wannan matsala: Mahamat a nan, Mohamadou a can, Muhammad a takardar da aka samo daga Najeriya ko Masar. Idan akwai saɓani a gyara shi a hukumance tun da wuri. Takardun da aka rubuta da Larabci kuma a kai su wurin mai fassarar da hukuma ta rantsar.

Bayan cibiya ta karɓe ka kuma ka biya abin da ta nema na somin-taɓi, za ta aiko maka da takardar shaidar rajista mai ɗauke da ranar farawa, ranar gamawa da yawan sa'o'i. Kamaru da Chadi duka suna cikin ƙasashen da dole ɗalibi ya bi ta tsarin Études en France, saboda haka sai ka buɗe asusu a shafinsu na intanet, ka shiga sashen waɗanda aka riga aka karɓa, mai suna Je suis accepté, ka ɗora takardunka, ka biya kuɗin dosiye, ka jira ranar ganawa da jami'in Campus France. Ka nemi biza a ƙasar da kake zaune a hukumance: ɗan Kuseri, duk da cewa gadar Ngeli kawai ta raba shi da Njamena, takardunsa na Kamaru ne. Wanda zai gangara kudu daga Garwa ko Marwa ya ware kwanaki, ko ya bi mota zuwa Ngaundere ya hau jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, ko ya bi jirgin sama idan da hali.

A wajen ganawar akwai tambayar da kusan babu makawa sai ta taso, kuma ita ce ta fi kayar da mutanenmu: kai da ka fito daga ƙasar da Faransanci yake harshen hukuma, me zai kai ka Faransa koyon Faransanci? Tambaya ce mai ma'ana, kuma amsarta tana cikin jimlar nan da ka rubuta tun farko. Ka faɗi gaskiyar tarihin karatunka, cewa da Larabci ko Ingilishi ka yi shi, ko cewa gwajin da ka yi ya nuna kana B1 alhali abin da kake nema yana buƙatar B2, ka nuna sakamakon gwajin, ka nuna cewa ka riga ka yi kwas a gida, sannan ka bayyana abin da za ka yi da takardar bayan ka dawo. Kada ka haddace jawabin da wani ya rubuta maka, domin tambaya ɗaya ta gefe tana isa ta tona asiri. Kuma ka guji 'yan tsakiya masu alkawarin biza da takardun bogi; wanda aka kama da takardar jabu ya ɓata sunansa na shekaru.

Bizar Schengen ta ɗan gajeren zama kwana 90 kawai take bayarwa cikin kwana 180, zango kuwa ya fi haka, saboda haka bizar dogon zama za ka nema, ta shafin France-Visas, kuma ba a karɓar takardu sai ya rage watanni 3 ko ƙasa da haka a tafi. Idan ta fito ka karanta abin da aka rubuta a kanta da kyau. Idan VLS-TS ce, wajibi ne ka tabbatar da ita ta intanet cikin watanni 3 da isarka, ka biya harajin da ke kanta. Idan kuwa ta wucin gadi ce, wato VLS-T, ba ta buƙatar wannan tabbatarwa, amma ba a sabunta ta a can, kuma haƙƙoƙin da take bayarwa sun fi ƙanƙanta.

Mataki na biyar: masauki

A ganina wannan shi ne zaɓin da ya fi kowane tasiri a kan harshenka, har ya fi zaɓen makaranta. Akwai ɗakunan CROUS, hukumar gwamnati mai kula da masaukin ɗalibai, masu rahusa amma masu wuyar samu, akwai hayar gida tare da wasu ɗalibai, akwai kuma zama a gidan wani iyali, abin da suke kira famille d'accueil, wanda cibiyoyi da yawa suke shiryawa da kansu. Na ukun ya fi tsada, amma teburin cin abincin dare aji ne na biyu, inda za ka ji yadda ake gardama, yadda ake ba da haƙuri, yadda ake yi wa yaro faɗa, kalmomin da babu littafin da zai koya maka. Ka rubuta wa masu masaukin tun kafin ka taso cewa ba ka cin naman alade, ba ka shan giya, kana salla sau biyar, ka kuma tambaya ko akwai kare a cikin gidan. Faɗin wannan da ladabi tun farko ya fi a zo ana kunyar juna a kan teburi.

Ni kuskuren da na yi shi ne na sauka wurin wasu 'yan'uwa daga yankinmu saboda sauƙin haya da daɗin tuwo, sai da wata guda ya wuce na lura cewa bayan an tashi daga aji ba na furta jimla goma da Faransanci a yini. Mutanen kirki ne, sun riƙe ni da mutunci, amma dole na nemi wani ɗaki, na koma ina ziyartarsu ranar Juma'a.

Idan haya za ka kama, doka ta ce kuɗin ajiya kada ya wuce na wata 1 a ɗakin da babu kaya, ko na wata 2 a ɗaki mai kaya. Ranar shiga za a yi état des lieux, wato zagayen duba lafiyar ɗaki. Ka sa a rubuta kowane tabo da kowace tsaga, ka ɗauki hoto, domin da wannan takarda za a yi maka hisabi ranar fita. Inshorar ɗaki wajibi ce. Kada ka tura wa kowa kuɗi ta waya a kan ɗakin da ba ka gani ba kuma ba cibiyarka ce ta haɗa ku ba.

Game da kaya, abu biyu kawai zan ce. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, saboda haka kilishi da man shanu su tsaya a gida, duk yadda Hajiya ta matsa. Garin kuka, busasshiyar kuɓewa da yaji ba su cikin wannan hani. Sannan jikin da ya saba da zafin Garwa na watan Maris, mai haura digiri 40, zai sha mamakin Janairun gabashin Faransa inda ruwa yake daskarewa, don haka a tanadi babbar rigar sanyi, safa da takalmi rufaffe. Asalin takardunka kuwa su kasance a jakar hannu.

Mataki na shida: zaman kansa

A makon farko za a yi muku gwajin rarraba aji. Ka amsa iya abin da ka sani, kuma idan ka ga ajin da aka sa ka ya yi maka sauƙi ko nauyi, ka gaya wa malami cikin kwanakin farko, kafin a rufe sauye-sauye. A makon nan kuma ka gama da tabbatar da biza, layin waya, asusun banki, katin bas da rajistar inshorar lafiya, ka kuma haddace lambar gaggawa 112.

Ɗan Kamaru ko Chadi yana shiga aji da wata fa'ida da ɗan Japan ko Brazil ba shi da ita: kunnensa ya saba, bakinsa ba ya tsoro. Amma wannan fa'idar tana iya zama tarko, domin mai magana da sauri yakan ɗauka ya iya, alhali kurakuransa sun daɗe sun kafe. Aikinka shi ne ka tono su ɗaya bayan ɗaya. Bahaushe ba ya raba p da f a harshensa, saboda haka pain da faim, burodi da yunwa, sukan fito iri ɗaya daga bakinsa. V takan koma b. Sautin u na rue da na ou na roue sukan haɗe, har dessus da dessous, sama da ƙasa, su rikice. Ka nemi a sa ka a darasin furuci, ka riƙa naɗar muryarka a waya kana saurare. Jinsin kalmomi ma haka: muna da namiji da mace a Hausa, wanda ya sa tunanin ba baƙo ba ne gare mu, amma ba sa dacewa da na Faransanci. Rana mace ce a wurinmu, le soleil namiji ne. Wata namiji ne, la lune mace ce. Ruwa namiji ne, l'eau mace ce. Saboda haka kada ka taɓa rubuta sabuwar kalma a littafinka ba tare da un ko une a gabanta ba.

Inda aka fi samun riba shi ne rubutu. Makarantar Faransa tana son a gabatar da tambaya, a tsara hujjoji, a haɗa su da kalmomi irin su cependant, en revanche da par conséquent, a kuma rufe da sakamakon da ya fito daga abin da aka faɗa. Ka rubuta shafi ɗaya kowace rana ko ba a ba ka aikin gida ba, ka roƙi malami ya duba maka ɗaya a mako, kuma duk takardar da aka gyara maka ka sake kwafe ta da hannunka. Ka ware littafi na musamman domin kurakuran da kake maimaitawa. Bayan wata biyu za ka ga ba su fi goma sha ba, kuma su ne suke cinye maka maki.

A wajen aji, ka yi rajista a ɗakin karatu na gari, ka shiga ƙungiyar ƙwallo ko ta aikin sa-kai irin masu raba abinci ga mabuƙata, ka riƙa sayayya a kasuwar mako inda dole ka yi magana da mai kaya. Shirin Journal en français facile na RFI minti 10 ne kacal, ya dace da lokacin karin kumallo, daga baya sai ka koma tashoshin da Faransawa suke saurare da saurin maganarsu. Ka riƙe vous ga malamai, manya da duk wanda ba ka sani ba har sai shi ya ce a koma tu, kuma kada ka shiga shago ko ka tambayi hanya ba ka fara da bonjour ba. Mu da muka san darajar sallama wannan ba zai yi mana wuya ba. Faransancinmu na gida ba abin kunya ba ne, amma ka lura da kalmomin da ba a gane su a can, ka koyi takwarorinsu.

Waya ita ce babbar ɓarakar da harshe yake zurarewa ta cikinta. Ba na cewa a yanke zumunci, domin muryar mahaifiya tana da haƙƙi kuma tana kwantar da hankalin baƙo. Abin da nake cewa shi ne a tsayar da lokaci ɗaya a yini domin gida, a rufe saƙonnin murya na WhatsApp a sauran sa'o'i. A lokacin sanyi agogon Faransa daidai yake da namu, daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuma suna gaba da mu da sa'a 1.

Lokutan salla suna tafiya da tsawon yini. A Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe 5 na yamma, Azahar, La'asar da Magariba su matso kusa da juna a tsakiyar lokacin aji, a Yuni kuwa Magariba takan kai kusan ƙarfe 10 na dare. Ka samu jadawalin masallacin garin, ka duba shi tare da jadawalin ajinka tun makon farko. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa a wajajen Fabrairu da Maris, inda yini bai yi tsawo ba, wanda sauƙi ne ga mai zangon Janairu. 'Yan'uwa mata su sani cewa dokar 2004 da ta hana alamomin addini ta shafi makarantun gwamnati na firamare da sakandare ne, ɗalibar jami'a tana iya sa ɗankwali ko hijabinta, amma dokar 2010 ta hana rufe fuska a wuraren jama'a.

Mataki na bakwai: jarrabawa da dawowa

Ka yi rajistar DELF tun tsakiyar zango, domin ana rufe rajista makonni kafin ranar zama. Jarrabawar B2 kashi huɗu ce, saurare, karatu, rubutu da magana, kowanne maki 25. Ana cin ta da maki 50 cikin 100, amma wanda ya samu ƙasa da 5 a kashi ɗaya ya faɗi ko da jimillarsa ta kai. A rubutu ana son aƙalla kalmomi 250 cikin sa'a 1, a magana kuma ana ba ka minti 30 ka shirya, sannan ka gabatar da ra'ayinka ka kāre shi na kimanin minti 20. Ka gwada kanka da tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanka sau da yawa kafin ranar. Fashin aji kuma ana rubuta shi, yana iya hana ka takardar ƙarshen zango.

Wanda yake da rajista a jami'ar Ngaundere, Marwa, Garwa ko Njamena ya samu amincewar shugaban sashensa a rubuce tun kafin ya tafi, a kan ko za a lissafa masa zangon ko za a ajiye masa gurbinsa, domin bayan an dawo magana ta baka ba ta da nauyi. Kafin ka bar cibiyar ka karɓi takardar makinka da ta halartar aji, da hatimi da sa hannu. Ka sanar da mai gida ranar fitarka a rubuce cikin wa'adin da yarjejeniyarku ta tanada, ku yi zagayen duba ɗaki na fita, kuma kada ka rufe asusun banki sai kuɗin ajiyarka sun dawo, wanda doka ta ba mai gida wata 1 idan babu ɓarna, wata 2 idan akwai. Ka fita daga ƙasar kafin ranar da bizarka za ta ƙare, domin wanda ya wuce wa'adi ya rufe wa kansa ƙofar dawowa karatu, ya kuma ƙara wa ƙannensa masu zuwa wahala. Asalin takardar DELF takan ɗauki watanni kafin ta fito, saboda haka ka karɓi takardar shaidar cin jarrabawa ta wucin gadi, ka tambayi ofishin cibiyar yadda za a aiko maka da asalin, ko ka bar wa wani amintacce wakilci a rubuce tare da kwafin fasfonka domin ya karɓa a madadinka.